Hawan Jinin da Ya Ƙi Jin Magani

A Rigasa ta Kaduna ba sai ka je asibiti kafin a auna maka jini ba. Daga bakin tashar jirgin ƙasa har cikin lungunan unguwa, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ci karo da kemis ba, kuma yawancin masu kemis suna da na'urar awo a kan tebur. Ka miƙa hannu, a ɗaura, a hura, a ce jininka ya hau ko ya sauka. Dalilin ma yana bakin kowa: tunani ne, gishiri ne, shekaru ne, gado ne. Ga mafi yawan masu hawan jini, wannan bayani bai yi nisa da gaskiya ba.

Amma akwai mara lafiyar da duk waɗannan ba su isa su bayyana halinta ba. Mu ƙaddara budurwa ce 'yar shekara 24, tana ɗinki a gidansu, siririya, ba ta taɓa haihuwa ba, iyayenta duka biyu lafiyarsu lau. Ciwon kai ya matsa mata, musamman da asuba, a ƙeya. Aka auna, aka ga 190 bisa 120, alhali daga 140 bisa 90 ake fara kiran abu hawan jini. Ba labarin wata mace takamaimai na ɗauko ba, siffa ce da likitocin ƙoda suka sani sarai.

Mahaifiyarta za ta ce, "Likita, yarinyar nan tunani ne ya yi mata yawa, tun da aka fara maganar auren nan ba ta barci." Wannan amsar tana damuna ƙwarai, domin takan rufe bincike tun ba a buɗe shi ba. Damuwa tana ɗaga jini na ɗan lokaci, ba ta riƙe jinin yarinya mai ƙuruciya a 190 dare da rana, wata da watanni.

Likitan da ya san aikinsa yakan fara da abubuwa masu sauƙi. Ya sake awo a rana dabam, a hannu biyu, bayan ta zauna ta huta. Ya yi gwajin ciki, domin juna biyu yana da nasa hawan jinin. Ya tambayi ko tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko maganin ƙiba, ko tana shafa man bilicin, ko tana yawan shan maganin ciwon jiki, domin kowanne cikinsu yana iya ɗaga jini. Duk babu. Aka ɗora ta a kan amlodipine, aka ƙara maganin sa fitsari, aka ƙara na uku. Tana sha a gaban mahaifiyarta, kuma daga wurin da aka amince da shi ake saye. Jinin ya ɗan sauko, ya tsaya a 170 bisa 110. Magani uku, ɗaya daga cikinsu na fitsari, jini bai sauka ba: a ƙa'idar likitanci, nan ne ake komawa neman wanda ke tura jinin sama.

Alama ta farko tana cikin takardar gwajin jini. Sinadarin fotashiyam nata 3.0 ne, alhali ya kamata ya kasance tsakanin 3.5 da 5.0. Ana iya ɗora laifin a kan maganin fitsari, domin shi ma yana zubar da fotashiyam. Sai likita ya nemi tsohuwar takarda, wadda aka yi tun kafin ta fara shan komai. A can ma a ƙasa yake. Jini a sama, fotashiyam a ƙasa: wannan sawun wani sinadarin aike ne da ake kira aldosteron. Wani ɗan ƙullutu da ke saman kowace ƙoda ne ke fitar da shi, aikinsa kuwa shi ne ya umarci ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta saki fotashiyam cikin fitsari. Sylvia Simpson da James Tait suna cikin waɗanda suka fara tace shi a 1953, a Landan.

To me ya sa ya yi yawa? Ko dai ƙullutun ne ya yi tsiro yana aiki ba da umarnin kowa ba, cutar da Jerome Conn na Jami'ar Michigan ya bayyana a 1955, ko kuma akwai mai ba shi umarni daga wani wuri. Gano mai umarnin nan ya ci wa likitoci fiye da shekara ɗari.

Richard Bright, likita a asibitin Guy's na Landan, ya rubuta a 1836 cewa mutanen da suka mutu da ƙodoji a tsuke sau da yawa ana samun zuciyarsu ta yi kauri, ba tare da wata cuta a ƙofofinta ba. A zamaninsa babu na'urar auna jini a hannu. Ya ga zuciyar da ta wahala, ya ga ƙodar da ta lalace, ya bar wa na baya su nemo abin da ya haɗa su. A 1898, a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman suka niƙa ƙodar zomo, suka tace ruwan, suka yi wa wani zomon allura da shi. Jininsa ya hau. Suka kira abin da ke cikin ruwan renin. Waɗanda suka gwada bayansu da yawa ba su samu sakamako iri ɗaya ba, sai zancen ya kwanta fiye da shekara 30.

Wanda ya tayar da shi shi ne Harry Goldblatt, mai binciken gawa a birnin Cleveland na Amurka. Ya sha ganin ƙananan jijiyoyin ƙoda a matse a jikin waɗanda hawan jini ya kashe. Tambayar da ta tsaya masa ita ce wanne ya riga: hawan jinin ne ya matse jijiyoyin, ko matsewarsu ce ta kawo hawan jinin? Gawa ba za ta amsa wannan ba. Sai ya ƙera ɗan matsi na azurfa wanda ake iya ɗaurewa a hankali, ya sa shi a kan babbar jijiyar da ke kai jini ga ƙodar kare, ya rage gudun jinin ba tare da ya yanke shi ba. Sakamakon da ya buga a 1934 ya sauya fahimtar duniya. Da aka matse jijiyar ƙoda ɗaya, jinin kare ya hau na wasu makonni. Da aka matse duka biyu, ya hau ya zauna. Da aka kwance matsin, ko aka cire ƙodar da aka matse, ya sauka. Matse jijiyar saifa ko ta cinya bai yi komai ba. Daga baya aka yanke jijiyoyin saƙo da ke haɗa ƙoda da ƙwaƙwalwa, jinin bai fasa hawa ba. Ashe saƙon cikin jini yake tafiya.

Da wannan a ransa likitan yarinyar zai ce ta kwanta rigingine, ya ɗora abin sauraren ƙirji a cikinta, ɗan sama da cibiya, ya matsa gefe kaɗan. A ɓangaren dama ya ji wani huci mai bin bugun zuciya, ƙarar jini yana kutsawa ta ƙuntatacciyar hanya. Ba kowane mai wannan cuta ake jin hucin a cikinsa ba, amma idan an ji shi a jikin matashi mai hawan jini, babbar magana ce: ita ce alama ta biyu. Kuma wannan gwajin bai ci ko sisi ba, kunne da natsuwa kawai yake so.

Alama ta uku hoton sikanin ne ya kawo ta, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, ana kuma samunsa a wurare da dama cikin Kaduna. Ƙodar babban mutum takan kai santimita 10 zuwa 12 a tsawo. A jikin yarinyar nan, ta hagu 11.5, ta dama 9. Bambancin da ya wuce santimita ɗaya da rabi abin tuhuma ne. Ƙodar dama ta rame saboda abincinta, wato jini, ba ya isa gare ta.

Yanzu sai a fahimci abin da ƙodar nan take yi, domin a nan sirrin yake. Ƙodoji biyu ba su kai rabin kilo ba, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk jinin da zuciya ke turawa ta cikinsu yake bi. A kowace ƙoda akwai matatai ƙanana kimanin miliyan ɗaya. Suna tace wajen lita 180 na ruwa a yini, su mayar da kusan duka cikin jini, su bar lita ɗaya da rabi ta fita a matsayin fitsari. Tacewa ba ta yiwuwa sai da ƙarfin turi. Saboda haka a bakin kowace matata, a jikin jijiyar da ke shigar da jini, akwai wasu ƙwayoyin halitta masu sa ido. Ta hanya uku suke samun labari: suna jin ƙarfin jinin da ke buɗa bangon jijiyar, maƙwabtansu da ke jikin bututun fitsari suna ɗanɗana yawan gishirin da ke wucewa, sannan ƙwaƙwalwa tana iya aiko musu da saƙo kai tsaye. Da ƙarfin ya ragu ko gishirin ya yi ƙasa, sai su saki renin.

Renin da kansa ba ya matse jijiya, wannan ne ya rikita masu binciken farko. Wajen 1939 zuwa 1940, ayarin Eduardo Braun-Menéndez a Ajantina da na Irvine Page a Amurka, kowanne ba tare da sanin ɗaya ba, suka gano cewa renin almakashi ne kawai: yana yanka wani furotin da hanta ke zubawa cikin jini, guntun da ya fita shi ne mai aikin. A 1958 suka amince da suna ɗaya, anjiyotensin. Leonard Skeggs, shi ma a Cleveland, ya nuna a tsakiyar shekarun 1950 cewa yankan sau biyu ne. Na farko yana ba da guntu marar ƙarfi, sai wani sinadari, wanda daga baya aka gane ya fi yawa a jijiyoyin huhu, ya sake datse shi, a samu anjiyotensin na biyu. Wannan kuwa yana cikin mafi ƙarfin abubuwan da ke matse jijiya a jikin ɗan Adam. Yana tsuke ƙananan jijiyoyin jiki duka. Yana tayar da ƙishirwa. Yana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin da ke rage fitsari. Kuma shi ne ke umartar ƙullutun saman ƙoda ya fitar da aldosteron. Ga mai umarnin da muke nema, ga kuma bayanin fotashiyam ɗin da ya faɗi. Inda aka samu damar auna renin cikin jini, gwajin da sai manyan ɗakunan gwaji ke yi, shi ke raba gardama: a cutar Conn renin yana ƙasa, a irin halin yarinyar nan yana sama.

Bai kamata a ɗauki wannan tsari a matsayin abokin gaba ba. Mace ta zubar da jini bayan haihuwa a cikin dare, ana neman Keke Napep da zai kai ta asibiti: abin da ke riƙe da sauran jininta, yana tura shi zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, har da wannan tsarin. Yaron da amai da gudawa suka kwashe wa ruwa, leburan da ke zuba kankare a zafin watan Afrilu, mai azumin da fitsarinsa ya ragu ya yi ja da la'asar, dukkansu renin yana yi musu aiki ba su sani ba. Ƙoda tana da wani saƙon ma: idan iskar da jini ke kawo mata ta yi ƙaranci, takan aika wa ɓargo sinadarin eritirofoyetin ya ƙara yin jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa masu tsohon ciwon ƙoda ba sa rabuwa da ƙarancin jini.

Matsalar ita ce ƙoda a ƙofarta kawai take awo. Ba ta da hanyar sanin abin da ke faruwa a sauran jiki. Ta yi daidai da mai lambu a fadama wanda wani ya taka wa tiyo a bayan kunya bai gani ba: ya ga ruwa ya ragu a hannunsa, ya ɗauka inji ne ya yi sanyi, ya aika a ƙara masa wuta. Ƙodar dama ta yarinyar nan tana bayan matsi. A wurinta jini ya yi ƙasa, don haka ta yanke hukuncin cewa jiki yana zubar da jini, tana ta sakin renin ba dare ba rana. Zuciya da ƙwaƙwalwa da idanu ne ke ɗaukar 190. Ƙodar hagu, wadda hanyarta a buɗe take, tana ƙoƙarin gyara: ta daina sakin nata renin, tana zubar da gishiri da ruwa, shi ya sa wasu masu cutar ke yawan fitsari da ƙishi. Amma ita ce ke shan dukan jinin mai ƙarfi kai tsaye, kuma idan aka daɗe a haka, lafiyayyar ce za ta lalace. Daga nan ko an buɗe jijiyar dama, jinin ba lalle ya sauka ba. Wannan ne dalilin da ya sa jinkirin shekaru a kan cewa "tunani ne" yake da tsada.

Saura tambaya ɗaya: me ya matse jijiyar? Ga wanda ya haura 55, mai ciwon suga ko mai shan taba, kusan kullum kitse ne ya daskare a bakin jijiyar. Ga mace mai ƙuruciya, abu biyu ake dubawa. Ko dai bangon jijiyar ne ya yi kauri a wasu wurare, ba tare da kumburi ba, ko kuma cutar kumburin manyan jijiyoyi ce, wadda ke ɗauke da sunan likitan idon Japan Mikito Takayasu, da ya bayyana ta a 1908, kuma an fi ganinta a Asiya da Afirka fiye da Turai. Nan awon hannu biyu da aka yi tun farko yake da amfani, domin a cutar Takayasu sau da yawa bugun jini a hannu ɗaya yakan raunana ko ya ɓace. Nata daidai suke, gwajin kumburi ma bai nuna komai ba. Hoton jijiyoyi na siti-sikan, wanda ake turawa manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko na Malam Aminu Kano a yi, ya nuna tsakiyar jijiyar dama tana matsewa tana buɗewa a jere. Nau'i na farko ne.

Kuma shi ne ya fi jin gyara. Tun 1938 likitoci biyu a Amurka, Leadbetter da Burkland, suka ba da rahoton yaro ɗan shekara 5 da jininsa ya sauka bayan an cire masa ƙodar da jijiyarta ta toshe. Yau ba a cire ƙoda sai ta riga ta mutu. A 1978 Andreas Grüntzig ya fara zura siririn bututu mai balam-balam ta jijiyar cinya har zuwa wurin matsin, a hura, hanya ta buɗe. Ga matasa masu irin wannan matsi, da yawansu jini yakan sauka sosai, wasu har su rabu da magani. Ga tsofaffi masu kitse a jijiya kuwa, manyan bincike biyu, ASTRAL na 2009 da CORAL na 2014, sun nuna buɗe jijiyar bai fi magani mai kyau amfani ba ga galibinsu. Iyalin da aka ce wa a bar dattijonsu a kan ƙwayoyi kada su ɗauka an yi musu rowar aiki.

Magungunan da ke karya wannan sarƙa ta renin da anjiyotensin daga dafin maciji suka samo asali. A 1965 Sérgio Ferreira ɗan Birazil ya gano wani abu a dafin kububuwar ƙasarsu, jararaka, wanda daga baya aka tabbatar yana hana yankan nan na biyu. Daga nan David Cushman da Miguel Ondetti suka haɗa captopril a 1975, aka amince da shi a Amurka a 1981. Lisinopril da enalapril da ke cike a kemis 'yan gidansa ne, losartan kuma ɗan uwansu ne da ke tare anjiyotensin a ƙofar da yake shiga. Mai juna biyu ko mai shirin ɗaukar ciki ba ta shan ko ɗaya cikinsu, domin suna cutar da ƙodar ɗan tayi. Budurwar da ake maganar aurenta dole a gaya mata wannan ƙarara.

Kada mai karatu ya tafi da tunanin cewa kowane hawan jini daga matsin jijiyar ƙoda yake. Kaɗan ne ƙwarai cikin ɗari. Hasali ma, yawancin baƙar fata masu hawan jini renin ɗinsu a ƙasa yake, jikinsu riƙe gishiri yake yi, shi ya sa lisinopril shi kaɗai bai cika yi musu aiki sosai ba. Binciken CREOLE da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka buga a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jini. Ga mafi yawanmu, maganar gishiri da dunƙule da kanwa tana nan daram, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5.

Sai dai abin da matsin Goldblatt ya koyar yana shafar kowane gida mai dattijo a kan maganin hawan jini. Idan jini ya ragu a ƙoda, dabara biyu take yi don tacewa ta ci gaba: ta buɗe jijiyar shiga da taimakon wasu sinadarai da take haɗawa da kanta, ta kuma tsuke jijiyar fita da anjiyotensin, don ƙarfi ya taru a cikin matata. Lisinopril yana kwance ta biyun. Diclofenac da ibuprofen suna hana ta farkon. Ɗauki Baba mai shekara 65, yana shan lisinopril da maganin fitsari, gudawa ta kama shi kwana biyu a lokacin zafi, gwiwa ta yi tsami, aka aiki jika kemis ya karɓo haɗin ciwon jiki. Ruwan jiki ya ragu, ƙofar shiga ta ƙi buɗuwa, ta fita ta saki. Cikin 'yan kwanaki fitsari ya ɗauke, ƙafa ta kumbura, a wayi gari ana maganar wankin ƙoda. Likitoci da yawa suna ba da shawarar mai amai da gudawa ya tuntuɓe su kan dakatar da waɗannan magunguna har ya koma ci da sha, ya kuma yi amfani da farasitamol don ciwo.

Haka kuma duk wanda aka fara ba lisinopril ko losartan, ko aka ƙara masa yawansa, ana so a auna masa kiriyatinin, wato ma'aunin aikin ƙoda, da fotashiyam cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ɗan hawan kiriyatinin ba abin tsoro ba ne. Idan ya ƙaru da fiye da kashi 30 cikin ɗari, likita zai dakatar da maganin ya nemi hoton jijiyoyin ƙoda, domin sau da yawa ta haka ake gano mutumin da jijiyoyinsa duka biyu suke a matse.